An cire wa Baba ƙari a hanji, yanzu an ce ya ɓulla a hanta. Wuƙa ce ta watsa shi ko me?

Ɗan Rigasa:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin lafiya a gidan nan ku taimaka min da bayani don wallahi kaina ya kulle. Mahaifinmu ne, shekarunsa 61, ya fi shekara yana ganin jini a bayan gida muna ta cewa basir ne, ba irin jiƙon da bai sha ba, har wani mai magani a Kasuwar Barci ya haɗa mana na dubu goma sha biyu a jarka, sai da ya fara rama wandonsa yana zamewa sannan muka kai shi asibiti aka zura masa kyamarar nan ta ƙasa aka ce ƙari ne a babban hanji, aka ɗebi tsoka aka kai lab, sakamako ya fito ciwon daji ne. An yi tiyata, likitan ya fito da bakinsa yace an cire duka har da kaluluwar da ke kusa. Baba ya murmure har yana zuwa masallaci da ƙafarsa. To yanzu wata takwas kenan, satin da ya wuce aka sake hoto aka ce an ga tabo biyu a hanta.

Tun ranar gidanmu ba zaman lafiya. Gwaggonmu tace daman ta faɗa ba a taɓa daji da wuƙa, da ya ji ƙarfe ko ya sha iska sai ya watsu, kuma ni ne na sa hannu a takardar tiyatar don haka duk ido a kaina yake. Ina ta bincike a waya cikin dare na ci karo da wani abu wai maikro-RNA, ana cewa shi ke sa ciwon ya tashi daga wuri zuwa wuri, na karanta ban gane komai ba. Sannan akwai wani a WhatsApp da ke sayar da wasu kwalabe yace maganinsu yana gyara maikro-RNA ɗin, kwalba ɗaya dubu 45. Tambayata biyu ce: aikin ne ya watsa ciwon? Kuma menene wannan maikro-RNA, ana samun maganinsa da gaske?

Uwar Biyu Unguwan Sarki:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Baba lafiya, yasa kaffara ne. Ni ba likita bace amma na yi jinyar mahaifiyata shekara biyu da irin wannan, nata a tumbi ne, kuma ita ko allura ba ta yarda an yi mata ba balle wuƙa, amma haka ya tafi hanta cikinta ya kumbura da ruwa. To wace wuƙar ce ta watsa nata? Ka daina ɗora wa kanka. Ka bar Gwaggo, tashin hankali ne ke sa ta magana, ɗan'uwanta ne. Kuɗin kwalbar nan kuwa ka riƙe abinka, kemo, wato maganin daji na asibiti, na nan gaba zai buƙace su.

Ɗan Lab na Kawo:

Ɗan'uwa sannu, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Ni aikin lab nake kuma karatuna na biyu a kan irin waɗannan abubuwan ne, bari in gwada yi maka bayani da Hausa, idan na yi tsawo ka yi haƙuri don abin ba ya gajartuwa.

Farko maganar wuƙa. Ƙarin da hoto zai iya gani sai ya kai wani girma, wanda ya kai santimita ɗaya kawai, kamar ƙwayar gyaɗa, akwai ɗaruruwan miliyoyin sel a cikinsa, wato ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin da aka gina jiki da su. Kenan sel dubu ko dubu goma za su iya zama a hanta ba injin da zai nuna su. Abinda ya fi yawan faruwa shine tun kafin a shiga tiyata, a cikin shekarar nan da kuke shan jiƙon basir, wasu sun riga sun ɓalle sun bi jini sun je sun lafe. Likitan da yace ya cire duka bai yi ƙarya ba, ya cire duk abinda ido da hoto suka gani. Shi yasa ma ake bada kemo bayan aiki idan an samu ciwon a kaluluwa, don a bi waɗanda suka tsere. Me yasa hanta ba gwiwa ko ido ba? Saboda jinin da ya taso daga hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye, akwai wata babbar jijiya da ke kwashe shi ta kai hanta tukunna a tace, kamar yadda motar da ta taso daga Zariya za ta shigo garin Kaduna sai ta ratsa ta Kawo. Duk abinda ya faɗa jini daga hanji, abinci ne ko magani ko sel ɗin daji, hanta ce tashar farko.

Yanzu maikro-RNA. Ka san masaƙun Kakuri lokacin da suke aiki? Ɗauki kowace sel ta jikinka a matsayin masaƙa. A ofis akwai babban kundi wanda ba ya fita waje, shine DNA. Idan ana son a saƙa wani abu sai a kwafo shafi ɗaya a ba masinja ya kai wa masu inji, wannan takardar ita ce mRNA, abinda aka saƙa kuma shine furotin, furotin ɗin ne ke yin kusan duk aikin jiki. To a tsakanin ofis da inji akwai wasu ƴan ƙananan ma'aikata da ke tsaye a hanya, su ba sa saƙa komai, aikinsu kawai su tare takarda su duba, idan ta dace da wadda aka ce su tare sai su riƙe ta ko su sa a yaga. Su ne maikro-RNA. Gajeru ne ƙwarai, harafi 22 ko kusa da haka, alhali takardar da suke tarewa tana iya kai harafi dubbai. Mutum yana da irinsu sama da 1000 kuma guda ɗaya yana iya tare takardu iri-iri masu yawa, shi yasa idan ɗaya ya rikice ɓarnar ba wuri ɗaya take tsayawa ba.

Abin dariya ba a jikin mutum aka fara ganinsu ba, a jikin wata tsutsa ce da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, a 1993, wasu Amurkawa biyu Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano su. Shekara bakwai mutane suna ɗauka abin tsutsa ne kawai, sai a 2000 Ruvkun ya samo na biyu mai suna let-7 aka ga ashe har a jikinmu akwai shi. A 2024 aka basu kyautar Nobel a kai. Alaƙarsu da daji kuwa a 2002 aka fara nunawa, a wani nau'in dajin jini, inda aka ga wasu maikro-RNA biyu, miR-15 da miR-16 (miR gajeren sunansu ne), sun ɓace.

Ga yadda suke shiga maganar yaɗuwa. Sel ɗin da ke shimfiɗe a bangon hanji a manne suke da juna kamar bulo da siminti, simintin wani furotin ne da ake kira E-kadarin. Sel mai lafiya ta bangon hanji ba ta ɓallewa ta kutsa wani wuri, a bangon take har ta mutu. Akwai wasu furotin biyu ZEB1 da ZEB2 da aikinsu shine su hana a yi simintin nan, kuma masu tare takardarsu su ne dangin miR-200. Muddin miR-200 na nan da yawa, ZEB ba ya samun fitowa, siminti na nan, ƙari ko ya girma yana wuri ɗaya. Da miR-200 ya ragu a sel ɗin da ke bakin ƙarin sai ZEB ya samu sake, siminti ya narke, sel ta canza siffa ta zama siririya mai rarrafe ta kutsa cikin bangon hanji har ta samu jijiya. Abinda ni ya fi ban mamaki, idan ta isa hanta sai an ga miR-200 ɗin ya dawo sama, ta sake mannewa da ƴan'uwanta su kafa sabon gida. Kamar ɓarawon da ya cire babbar riga ya tsallake katanga, ya sauka ya mayar da abarsa.

Wani kuma akasin haka ne, yawansa ne matsala. miR-21 kusan duk dajin hanyar abinci da aka duba, hanji ne, tumbi ne, maƙoshi ne, sai a same shi ya yi yawa, kuma takardun da yake yagawa na birki ne, PTEN da PDCD4, furotin ɗin da ke ce wa sel tsaya haka ko ki mutu. A 2008 aka nuna a sel ɗin dajin hanji cewa idan miR-21 ya danne PDCD4 sun fi kutsawa cikin jijiya. Sannan miR-143 da miR-145 su raguwa suke yi, tun 2003 wasu masu bincike a Ostareliya suka lura da haka a ƙarin hanji.

Na ƙarshe wanda ya shafi tambayarka kai tsaye. Tun 1889 wani likitan tiyata a Ingila, Stephen Paget, yace yaɗuwar daji kamar iri da ƙasa ne, iri zai iya faɗawa ko'ina amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsirowa. Yanzu an gano ƙarin ba ya jira ma, sharar gona yake aikawa tun kafin shuka. Yana sakin wasu ƴan mitsi-mitsin ƙunshi cikin jini, ana ce musu ekzosom, a ciki akwai maikro-RNA, su je su shiga sel ɗin wani wuri su canza musu hali. Misali miR-25-3p daga dajin hanji an nuna yana sassauta bangon jijiyoyin jini su riƙa yoyo, sel ɗin daji ta samu ƙofar fita a hanta ko huhu. Duk wannan yana faruwa ne ƙarin na zaune a cikin hanji, wato cire shi da aka yi rufe masana'antar aka yi, da an bar shi da aike bai tsaya ba.

Sarkin Yaƙin Tudun Wada:

Malam Ɗan Lab ka yi turanci da Hausa mun ji. Amma ni tambayata, tunda kun san sunan ɓarawon har da lambarsa, 21 ne 200 ne, me ya hana ku kama shi? Shekara talatin ana bincike har da kyauta amma har yau kemo ɗin nan dai da ke zubar da gashi. Kuma kar a raina na gargajiya, akwai maƙwabcinmu da aka ce masa daji ne ya koma zogale da habbatussauda da zuma yau shekara biyar yana nan garau yana tuƙa Keke.

Ɗan Lab na Kawo:

Sarkin Yaƙi tambayarka ta farko tana kan hanya wallahi, kuma an gwada. Akwai miR-34 wanda shi na kirki ne, yana cikin masu taka birki, daji yana rage shi. Wani kamfani a Amurka ya haɗa irinsa a lab, suka sa masa suna MRX34, aka fara yi wa masu daji allurarsa har da masu na hanta, a 2016 aka tsayar da gwajin saboda garkuwar jikin wasu ta tashi ta yi musu mummunar illa, mutum huɗu suka rasu. Matsalar ita ce abinda na faɗa a sama, ɗaya yana tare takardu da yawa, kuma ba a ƙari kaɗai yake aiki ba, miR-21 ɗin da muke zagi yana da aikinsa a wajen warkewar rauni. Ga kuma wahalar kai shi inda ake so ba tare da ya lalace a hanya ko ya sauka a wani wuri ba. Har yanzu ana kan gwaje-gwaje amma babu wani maganin daji na maikro-RNA da aka amince a sayar, ko a Amurka ko a Indiya balle a WhatsApp. Inda ake ganin zai fi saurin amfani shine gwajin jini, tunda suna daɗewa a jini ba su lalace ba, ana son wata rana a ɗebi jini a gane ƙari ya fara shirin tafiya, shi ma bai zama gwajin yau da kullum ba tukunna.

Mai kwalbar nan kuwa na san inda irinsu suke samo zancen. Wajen 2012 wasu masu bincike a Chaina sun ce sun ga maikro-RNA na shinkafa a jinin mutane, aka yi ta hayaniya wai abinci na iya juya ƙwayoyin halitta, wasu suka maimaita gwajin ba su samu haka ba. Ƴan kasuwa suka ɗauki rabin farko suka bar na biyu.

Maƙwabcinku kuma Allah ya ƙara masa lafiya, amma ka tambaye shi an ɗebi tsoka an auna ko dai hoto kawai aka yi wani yace daji ne? Don ba kowane ƙari ne daji ba, a lab muna ganin wannan kullum. Ni ban hana cin zogale ba, ina cin kwaɗonsa, abinci ne mai kyau.

Likitar Yara Malali:

Ɗan Lab ya gama bayani, ni ɓangarena yara ne ba daji ba don haka abu kaɗan zan ƙara. Ɗan Rigasa, tabo biyu a hanta daga dajin hanji ba yana nufin an gama ba, wannan yana cikin ƴan nau'in da ko ya je hanta wani lokaci ana iya yanke wurin, ko a fara kemo ya ƙanƙance sannan a yanke, ya danganta da girmansu da inda suke da ƙarfin jikin Baba. Hanta tana sake tofowa bayan an yanki wani ɓangare. Ku nemi a tura ku wurin likitocin daji, a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya akwai sashen, ku tafi da komai: takardar sakamakon tsokar farko, bayanin tiyata, faifan hoton da da na yanzu, da sakamakon CEA idan an taɓa yi, wannan gwajin jini ne da ake bibiyar dajin hanji da shi. Ka rubuta tambayoyinka a takarda kafin ku shiga don mutum yana mantawa a gaban likita.

Sarkin Yaƙi, da girmamawa, inda nake jin tsoron jiƙo shine hantar ce za ta tace shi, ita ce kuma za ta tace kemo, ga ta da ciwo. Na ga yaran da aka kawo idonsu ya yi ɗorawa saboda haɗin da ba wanda ya san abinda ke ciki. Duk abinda za a ba Baba a nuna wa likitansa tukunna, ko da ganyen shayi ne.

Abu na biyu kuma kai da ƙannenka ya shafa. Wanda mahaifinsa ya yi dajin babban hanji haɗarinsa ya fi na sauran mutane, ana so ya fara yin gwajin kyamarar nan da wuri, galibi daga shekara 40, kar ya jira sai ya ga jini. Yawanci abin yana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji wanda ke ɗaukar shekaru kafin ya rikiɗe, idan aka gan shi a lokacin nan take ake tsinke shi. Mu nan komai jini a bayan gida basir ne, mutum ya yi shekara yana kunyar faɗa, har masu sayar da magani a mota da lasifika sun mayar da shi abin dariya.

Sarkin Yaƙin Tudun Wada:

Likita na ji. Na kira maƙwabcin namu yanzu, yace hoto ne kawai aka yi masa a wani wuri a gari, ba a yanki komai ba. Toh. Amma dai zuma ba ta kashe kowa ba.

Uwar Biyu Unguwan Sarki:

Zuma kam a sha, Sarkin Yaƙi, ba wanda ya hana. Ɗana abinda zan ƙara maka na jinya ne tunda na ga masu ilimi sun yi nasu. In an fara kemo abinci zai gundure shi, kar ku cika masa kwano, kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunun gyaɗa mai ɗumi, faten dankali, romon kaza ba yaji. Gyaɗar ma ku zaɓe ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, an ce min gubar da ke ciki hanta take ci. Ku raba kwana tsakaninku kar mutum ɗaya ya ɗauka, ni na ɗauka ni kaɗai sai da na kwanta. Kuma ku je da Gwaggo asibitin ta ji da kunnenta, tsofaffi sun fi yarda da bakin likita a kan na ɗan da suka goya.

Ɗan Rigasa:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, wallahi jiya ne na fara barci sosai tun ranar da aka bamu sakamakon. Na karanta wa yayana bayanin Ɗan Lab gaba ɗaya, wurin sharar gonar nan sai da ya sa na maimaita. Mai kwalba ya sake kira da safe yace ya rage min zuwa dubu 38, nace masa ya turo min lambar NAFDAC da sunan gwajin da aka yi, har yanzu shiru. Mama Uwar Biyu na bi shawararki, Gwaggo tace za ta bi mu amma ita a gaba za ta zauna don mota na juya mata ciki. Mun samu takardar turawa, ranar Talata za mu kama hanyar Shika in sha Allah.

Likita tambaya ɗaya ta rage, faifan hoton farko ya ɓata lokacin da muka tashi daga tsohon gida, takardar bayanin kawai muke da ita, za su karɓa haka ko sai mun koma inda aka yi sun sake buga mana? Kuma ni shekarata 34, yayana 42, shi ne zai fara yin kyamarar kenan?

Likitar Yara Malali:

Ku koma inda aka yi ku tambaya, sau da yawa yana nan a kwamfutarsu, ku je da lambar kati da ranar da aka yi. In ba a samu ba ku tafi da takardar haka, kar ku fasa Talata saboda faifai. Eh yayanka ne farko, ya yi wa likitan Baba maganar a ranar tunda ga shi ga shi. Ku fita da sassafe, layin kati yana da tsawo.